Ranar da Kellu Ta Buga Ƙarfe

Ku samarin da kuke cika mini benci a ƙofar shago nan Limanti cikin Maiduguri kuna cewa in saka ku a hanya, in kai sunanku ƙungiya ku ma ku zama masu koyar da ma'aikatan asibiti, ga amsarku a rubuce, don bakina ya gaji. Na san abin da kuka hango. Kun hango riga mai aljihu ko'ina, da maka ta rubutu a allo a hannu, da shinkafa da cinyar kaza a ɗakin taro mai sanyi. Ɗayanku, wanda ya gama jami'a yana yawo da takardarsa a leda, har cewa ya yi, "Baba Iro, ai aikin nan surutu ne kawai." Surutu ne, ban musa ba. Sai dai a cikin masu sauraro wani lokaci akan samu wanda zai ɗauki surutun da gaske, kuma shi abin zai faɗa wa, ba kai ba. Ku karanta har ƙarshe kafin ku dawo mini da zancen.

Ni mai fenti ne. Aji biyu na yi a sakandare na ajiye, ubana da ya zo daga Kano da sana'ar dukanci ya miƙa ni wajen mai rubuta allunan shaguna. Na rubuta sunan kanti, na zana zaki a bayan tifa, na yi wa masu kemis hoton kwalba da allura. Da rikicin nan ya taso sai sana'ar ta juye, aikin da na fi samu ya zama goge suna. Mai makaranta ya zo ya ce in shafe allonsa da farin fenti kada yaran nan na daji su gane makaranta ce, mai sayar da kaset ya ce in mayar da shi mai sayar da sabulu. Ina cikin haka wata mata ta tsaya da farar mota a ƙofata, ta ce an gaya mata ni ne mai jan layi ba igiya kuma bai karkace ba. Madam Saratu ke nan, tsohuwar nas 'yar wajen Biu, gajera, ba ta dariya sai da dalili. Wata ƙungiya ta tura ta kwas waje, ta koyo dabarar da ta ce daga masana'antar motoci ta Japan aka ɗauko. Da Turanci tana da sunanta, mu kuma ta fassara mana da rage ɓarna, gyara kullum. Na ce, "Madam, ina haɗin mota da majinyaci?" Ta ce, "Duk biyun idan ka bar su a layi lalacewa suke yi. Ɗauko buroshinka."

Aikina na farko da ita a wani ƙaramin asibiti ne a Umarari, kuma ranar ko buroshin ban taɓa ba. Da'ira ta zana da alli a tsakiyar ɗakin ɗaurin ciwo, ta ce in tsaya a ciki in yi kallo, kada in fita, kada in taimaki kowa. Gardi da gemu, tsaye a cikin zane kamar yaron da malami ya hukunta, masu jinya suna wucewa suna tambayar juna ko aljanu ake cire mini. Da ta dawo ta ce me na gani, na ce mutane na aiki. Ta ce in koma. Sai da azahar ta wuce idona ya buɗe. Nas ɗin da ke ɗaurin ba aiki take yi ba, yawo take yi. Almakashi ɗaya ne a duk asibitin, yana cikin durowar metiron, wato shugabar nas-nas, makullin durowar yana cikin jakar metiron, metiron kuma tana ɗakin haihuwa tana shan shayi. Mutum na zaune ƙafarsa na zubar da jini, nas na can tana sallama tana jiran a gama kurɓa. Na gaya wa Madam Saratu haka. Ta ce, "Yanzu ka fara aiki. Abin da kowa ke gani kullum shi ne abin da ba wanda ya taɓa gani."

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Fenti rawaya don jan layi a ƙasa, inda keken marasa lafiya zai tsaya da inda bokiti zai zauna. Allon katako da ake zana inuwar kowane ƙarfe a jiki, almakashi da hantsaki da sauransu, yadda idan an ɗauke abu inuwarsa za ta tona. Ƙusa da zare, da ake bin sawun nas da su a kan taswirar ɗaki har allon ya koma kamar taliyar da aka zubar. Jan kati, da ake ɗaura wa duk abin da ba a amfani da shi. Sai maka. Makar nan a zafin Maiduguri ba ta kai ko'ina take bushewa, kuma ba littafin da zai gaya maka cewa ɗigon sifirit daga ɗakin allura ke tayar da ita. Wannan ni na gano, kuma shi kaɗai ne abin da na koyar da aka riƙe ba gardama.

Jan katin nan, bari in ba ku labarinsa. A wani sito muka ɗaura shi a kan firij da ya mutu tun ina saurayi, aka buɗe aka tarar da takalman metiron da kulolin abincinta a ciki. Muka ɗaura a kan fanka, da kujeru, da wani sikeli mai kyau da ba wanda ya san yadda ake saita shi. Ƙa'ida ta ce a kai su ɗakin ajiya a ga ko wani zai nema. Washegari ɗakin fes, kamar an yi wa amarya shara. Kowa ya rage ɓarna zuwa gidansa. Ban taɓa ganin darasin da ma'aikata suka gane da sauri irin wannan ba.

Masu ɗaukar darasin kuwa iri-iri ne. Likitoci su zauna a baya da waya a hannu, su ɗaga kai kawai idan sun ji ƙarar cokali. Idan sun ji ban gama sakandare ba sai su fara gyara mini Turanci, ni kuma in bar su, don mutum idan yana gyara maka Turanci aƙalla yana saurare. Metiron-metiron su ce duk abin da ka kawo sun san shi tun kafin a haife ka. Nas-nas su yarda da komai a ɗakin taro, su fita su ci gaba da yadda suka saba. Masu shara da masu tura keke su ne a gaba, don ba a taɓa gayyatarsu wani taro ba, suna zaune a gefen kujera kamar za a ce su tashi.

Akwai dabarar da ake kira me-ya-sa sau biyar. Idan matsala ta faru ka tambayi me ya sa, amsar da aka ba ka ka sake tambayar me ya sa a kanta, haka har sau biyar, wai a nan za ka kai tushe. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa zuwa Barno ba. A nan tambaya ta farko a ba ka amsa, ta biyu a haɗe fuska, ta uku a ce haka Allah ya so, kuma ina son ganin wanda zai ɗora me ya sa a kan wannan. Wani dattijo mai ba da magani da na matsa wa har ta huɗu ya ja ni bayan kanta, ya ce, "Malam, in sojoji ne suka turo ka, ka faɗa mini kawai, ni da iyali." A shekarun nan mutum ba ya jera maka tambaya sai in yana da wanda zai kai wa amsar.

To, mu zo ga mugunyar shekarar, wadda aka ɗauke layin waya, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari da tabarmi a ka. Ƙungiya ta kwashe manyan ma'aikatanta ta mayar Abuja. Madam Saratu ta miƙo mini jakarta da makoki da katuna, ta ce, "Iro, kai ne malami yanzu." Haka na zama malami, ba da takarda ba, da rashin wanda zai zauna. Asibitin da ta bar ni da shi yana bakin gari, ba zan faɗi sunansa ba. Gadaje sun cika, baranda ta cika, ƙarƙashin bishiya ma an rataye ledar ƙarin ruwa a reshe.

Darasi ɗaya ya rage ba mu kafa ba, kuma shi ne wanda Madam Saratu ta fi ji da shi. A masana'antar can, in ji ta, akwai igiya da ke rataye, duk ma'aikacin da ya ga kuskure, ko mai shara ne, zai ja, fitila ta kama, aiki ya tsaya cak har a duba. Kuma ko ya zama ba kuskuren ba ne, godiya ake yi masa, don ranar da aka hukunta mai jan igiya, ranar igiyar ta mutu. Mu ba wuta, janareto sai an shiga tiyata ake tayarwa, saboda haka zancen fitila bai taso ba. Kwamitin asibiti ya zauna ya ce a samo abin bugawa. Mai gadinmu, wanda ake kira Ba Modu, ya jawo wani tsohon wilin tifa daga wajen bakanike, irin wanda ake bugawa a firamare, aka rataye shi a barandar da ke tsakanin ɗakin maza da na mata, da guntun rodi a gefe. Na yi masa fenti rawaya, na ja masa layi a ƙasa, na rubuta a bango da Hausa da Turanci: in ka ga kuskure, buga.

Aka yi watanni ba wanda ya buga. Ta yaya ma? A asibitinmu mai shara ba ya ɗaga ido ya kalli nas, nas ba ta tari a gaban metiron, metiron kuma a gaban babban likita sai "haka ne, ranka ya daɗe" ko da cewa ya yi rana daga yamma take fitowa. Kai kuma ka zo da maka kana cewa na ƙasa ya tsayar da na sama da ƙarfe. Na yi ta bita, na yi ta roƙo, har na koma kamar mai tallan maganin basir.

A cikin masu sharar akwai Ya Kellu. Daga Dusuman take zuwa, doguwa, mai tsage a fuska, Hausarta irin ta Barebari. Mijinta ya fita gona wata safiya bai dawo ba, ta rage da 'ya'yanta da na ƙanwarta, duk a kan bokitin nan. Ba ta da takardar ɗauka aiki, irin waɗanda ake cewa zo gobe ne, kuma duk ranar da aka ce kada ka zo gobe shi ke nan. Ita ce kullum a gaba, kuma ita kaɗai ta taɓa ɗaga hannu.

"Malam Iro, tambaya."

"Bismilla, Ya Kellu."

"In na buga, kuma ya zama ni ce ban gani daidai ba, aka ce in ajiye bokiti, kai za ka ciyar mini da yaran?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don tambayar ta fi duk abin da na faɗa a ranar. Na tashi na je ofishin babban likita, mutum mai tumbi da hula zanna da ba ya rabuwa da ita, na roƙe shi ya zo ya amsa da bakinsa. Ya zo kuwa, don yana son taro. Ya dafa ƙirji ya ce, "Duk wanda ya buga ƙarfen nan, ko da kuskure ne, ni da kaina zan yi masa godiya a gaban kowa." Aka tafa. Hajja Bintu, metiron, ta fi kowa tafi.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina kan tsani ina sabunta rubutun saman ƙofar ɗakin magani. Ya Kellu na goge ƙasa a ɗakin mata. Ta ga wata nas, Yagana, ta ɗauko ledar jini ta nufi gadon bakin taga. Ita kuwa Ya Kellu ta san mai jiran jini a gadon bakin ƙofa take, don jiya ita ta kwashe mata kwano, ta ji mijin yana ta fafutukar neman mai ba da jini. Abin da ba ta sani ba, an sauya wa matan biyu gado da sassafe kafin ta iso, don mai jinin ta ce iska take so. Matar ta lulluɓe har ka, ba a ganin fuska. Ya Kellu ta ce, "Sista." Yagana ba ta ji ba. Ta sake cewa, "Sista Yagana," a hankali, yadda mai shara ke kiran nas. Yagana ta rataye ledar ta kama hannun matar. Ya Kellu ta yar da tsumma, ta fita baranda, ta ɗauki rodin da hannu biyu.

Ba sau ɗaya ta buga ba. Mace ce da ta saba daka, ta ba shi kamar tana surfe.

Abin da kwamiti bai tuna ba, ni ma da ke gari ban sani ba, shi ne a ƙauyukan da mutanen nan suka baro, irin wannan wilin ake ratayewa a bakin gari, kuma ba a buga shi sai an hango baburan yaran nan na daji. Rabin waɗanda ke kwance a asibitin, ƙarar ƙarshe da suka ji a garinsu ke nan. Kafin in sauko daga tsani wata tsohuwa ta ƙwala ihu da Barbarci cewa sun zo, shi ke nan. Na ga mutum da ƙarin ruwa a hannu yana gudu, ɗansa na biye da ledar a sama kamar tuta. Na ga mai karaya da aka ce ba zai taka ba sai bayan salla ya wuce mai lafiya. Mai jego ta fito da jariri a hannu ɗaya, buta a ɗayan. Masu sayar da lemo a ƙofa suka watse, sojojin shingen gaba suka ji ihu suka harba sama, harbin ya tabbatar wa kowa abin da yake tsoro. Tsanina ma da shi aka tafi, na sauko ta kan galan ɗin fenti.

Babban likita kuwa ta tagar ofis ya fita. Ya bi ta bayan ɗakin wanki, ya taka tankin ruwa, ya haye katangar da ko samari sai sun yi shawara, ya dira a gonar wani. Da ya haye, wayar ƙaya da ke saman katangar ta riƙe hular. Ma'aikata da yawa sun gani, don su ma can suka nufa, sai dai ya riga su.

Da ƙura ta lafa aka dawo ana tattara majinyata daga kwata da bayan shaguna. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Ɗinkin wata mata ya farke aka sake, wani dattijo ya goce a gwiwa. Yagana, in ba ta haƙƙinta, ba ta gudu ba, tana riƙe da hannun mai jinin har aka gama, kuma jinin nata ne, daidai yake. Oga, babban likitan, ya dawo ta babbar ƙofa da kai a buɗe, yana tafiya a hankali kamar wanda ya je duba maƙwabta.

Hular kuma tana nan a kan waya, tana lilo, ana hango ta daga ko'ina. Ba wanda ya taɓa ta. Duk mai hankali a asibitin ya gane cewa wanda ya ɗauko hular ya ce ya gani ke nan. Na tambayi Ba Modu, ya kalli katangar ido cikin ido ya ce, "Wace hula, Malam?"

Bayan la'asar aka kira taro a ofis. Oga a kujera, Hajja Bintu a gefe, Yagana a tsaye, ni da jakata. Aka aika a kira Ya Kellu. Ta shigo da sallama, ta durƙusa, sannan ta zaro wani abu daga cikin mayafi. Hular ce. Ashe ta sa sandar goge-goge ta sauko da ita, ta karkaɗe, har ta ɗinke inda ƙaya ta yaga.

"Ranka ya daɗe, ga hularka. A kan katangar baya na samo, wajen da ka hau."

Hajja Bintu ta kama kallon silin. Oga ya karɓi hular da yatsa biyu ya ajiye a kan tebur, bai sa ba.

Na yi sauri na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya faru yau shi ne abin da muke nema tun farko. Ƙarfen ne bai dace da mutanenmu ba, sai mu canza shi, mu sa tuta ko wani abu marar ƙara. Amma ita ta yi daidai."

Ya ce, "Malam Iro, ai kai ka koya mana yadda ake yi. Ɗauko makarka, mu yi me-ya-sa."

Na ɗauko, na tsaya a gaban allo.

"Me ya sa majinyata suka gudu?" in ji shi.

"Don an buga ƙarfe," in ji Hajja Bintu.

"Rubuta. Me ya sa aka buga ƙarfe?"

"Don Kellu ta sa ido a abin da ba aikinta ba."

"Rubuta. To, alhamdu lillahi, mun kai tushe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura uku."

Ya yi murmushi, karo na farko tun da ya dawo. "Ba kai ka ce a rage ɓarna ba? Abin da biyu ta gama, me za a yi da biyar?"

Yagana ta ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban ji haushi ba. Da a ce gadon ne na kuskure..." Hajja Bintu ta juyo ta ce, "Ke, an tambaye ki?"

Na ce, "Ka yi alkawari a gaban mutane. Ka ce ko da kuskure ne za ka yi godiya."

"Ai ban manta ba." Ya juya wajen Ya Kellu, ya gyara murya yadda na waje za su ji. "Ya Kellu, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri. Ki ajiye bokiti wajen Hajja, ba sai kin zo gobe ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kalle ni, ta fita. Na bi ofis-ofis a makon nan har aka fara rufe ƙofa idan an hango ni. Na hau mota zuwa inda ake samun layin waya na kira Madam Saratu, ta ce za ta rubuta rahoto. Ta rubuta kuwa, na ga kwafinsa daga baya, Turanci mai kyau.

Wilin ba a cire shi ba, don yana cikin hotunan da aka riga aka aika wa masu ba da tallafi. Rodin aka ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi, aka sa kwaɗo, makullin ya shiga jakar Hajja Bintu, kamar ɗan'uwansa na almakashi a Umarari. Wanda ya ga kuskure sai ya nemi metiron, ya gaishe ta, ya roƙi makulli, sannan ya buga. Ni aka kira na zana wa kwaɗon inuwarsa a bango.

Bayan wani lokaci wata mai sharar, Fanna, ta tare ni a bayan ɗakin wanki. Ta ce ta ga an ɗaura wa wani tsoho ruwan da aka haɗa wa maƙwabcinsa, ta gani da idonta, don tana tsaye aka rubuta sunan a leda. Na ce me ta yi. Ta ce, "Na kalli ƙarfen, na kalli ƙofa, na ci gaba da shara. Ni ma da yara, Malam." An yi wa tsohon sutura washegari. Ban ce ruwan ne ya kashe shi ba, ni mai fenti ne.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi baƙi suka zo daga Abuja, da riguna masu aljihu irin wadda kuke sha'awa. Aka zagaya da su, suka ga layuka rawaya, suka ga allon inuwa, suka tsaya a gaban wilin. Shugabarsu ta tambayi sau nawa aka buga shi a bana. Oga, da sabuwar hula, ya ce ko sau ɗaya. Ta juya ta gaya wa sauran cewa wannan shi ne asibitin da ba a kuskure, a yi koyi da shi. Aka tafa, aka ɗauki hoto, ina daga gefe an ce in riƙe buroshi. Hoton nan har yau da shi ake buɗe bita a wasu jihohi. Ni ma an sha ba ni shi in nuna, kuma na nuna.

Ya Kellu tana nan. Ƙosai take soyawa a ƙofar asibitin, ƙarƙashin dalbejiya, inda take hango wilin ta cikin ƙyaure. Babbar 'yarta ta bar makaranta tana taya ta. Duk ranar da aiki ya kai ni wajen sai na tsaya, don ba wata hanyar shiga, kuma ba ta taɓa barina na wuce ba.

"Wushe, sannu Malam Iro, malamin malamai. Zo mu yi karatu. Me ya sa aka kore ni?"

"Don kin buga ƙarfe, Ya Kellu."

"Me ya sa na buga?"

"Don an ce wanda ya ga kuskure ya buga."

"An ce? To. Me ya sa mai cewar ya ce?"

"Don haka aikin yake."

"Madalla, ka wuce Oga, ka kai uku. To me ya sa mai bugawa ke suya a rana, mai cewa a buga yana yawo da jaka?"

A nan nake cewa ta ƙara mini yaji. Ta ƙulle ƙosan a takarda, ta miƙo, in juya in tafi, tana ɗaga murya a bayana yadda duk masu keke za su ji: "Saura ɗaya, Malam! Ta biyar ma tana nan, na ajiye maka!"

Saboda haka ga jarrabawarku, ku masu son riga mai aljihu. Ba sai kun kawo mini takardar jami'a ba. Ku je ƙofar asibitin nan da hantsi, ku ce Iro mai fenti ne ya turo ku, kuna son zama masu koyarwa. Duk wanda ya amsa mata ta huɗu ya tsaya ya ji ta biyar, ya dawo in ba shi jakar da makokin gaba ɗaya, har da sirrin sifirit. Kuma ku ci ƙosan a can, a gabanta. Ni har yau ban iya ba.